Yarinyata ta ci ƙuri'ar makarantar cata a Bronx, babansu ya ce a kwashe su duka biyun

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya iyali. Ni 'yar Damagaram ce amma shekara 10 kenan muna zaune a Bronx ta birnin New York ni da maigidana, shi yana tuƙa Uber da dare ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Yaranmu biyu suna makarantar gwamnati ta unguwarmu, babbar mace ce zata shiga aji 4, ƙaramin namiji zai shiga aji 2, yana da takardar IEP, wato tsarin tallafin da ake rubuta ma yaro mai buƙata ta musamman a makaranta, saboda magana ta yi masa nauyi kuma baya iya zama waje ɗaya. Mun cika fom ɗin wata makarantar cata, wato charter, irin wadda gwamnati ke biya amma wata ƙungiya ke tafiyarwa, yarinyar ta ci ƙuri'a shi ma yaron aka bashi gurbi albarkacin yayarsa. Babansu ya ce a kwashe su duka tunda duk abokansa na masallaci can suka kai nasu kuma sun ce ta fi, ni kuma hankalina bai kwanta ba don yaron ya saba da malamarsa mai koya masa magana, yanzu ne ma ya fara haɗa kalmomi. Har mun fara samun saɓani a kai. Kwanaki kaɗan aka bamu mu amsa. Dan Allah wacce ta fi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana su ya yi musu albarka. Toh kin tambayi wacce ta fi, ni kuma gaskiya bazan ce miki cata ko ta gwamnati ba, don tambayar nan ita ce take haɗa mutanenmu faɗa a wajen suna da wajen biki a nan New York kuma har yau ba'a gama ba. Abinda zan gaya miki tun daga farko shine yaranki biyu ne, ba ɗaya ba, kuma babu wata doka ko a Amurka ko a gida da ta ce lallai makaranta ɗaya zasu yi. A ganina ki bar yarinyar ta tafi in makarantar ta amsa wasu tambayoyi da zan faɗa miki, shi kuma yaron kar ki taɓa shi tukuna.

Bari na ɗan yi bayani saboda masu karantawa daga gida, don mu a can makaranta iri biyu muka sani, ta gwamnati da ta kuɗi. Ita wannan da ake ce ma charter, mu nan muna cewa cata kawai, tana tsakiya ne. Gwamnati ce ke biyan kuɗin kowane yaro, iyaye basa biyan ko sisi, amma ba hukumar ilimi ta birni ke tafiyar da ita ba, wata ƙungiya ce ke karɓar lasisi ta buɗe, ita ke ɗaukar malamanta ta tsara lokacin shiga da tashi da dokokinta. A jihar New York lasisin baya wuce shekara 5, in an zo dubawa aka ga ba'a taɓuka komai ba ana iya ƙin sabuntawa a rufe ta. Jihar Minnesota ce ta fara yin dokar a 1991, makaranta ta farko ta buɗe a St. Paul a 1992, New York sai 1998 ta bi sahu. Yanzu yara sama da miliyan 3.7 ne a irin makarantun nan a faɗin ƙasar, a birnin New York kaɗai sun haura makarantu 270, kusan yaro 15 cikin 100 na yaran da gwamnati ke ɗaukar nauyin karatunsu, kuma Bronx da Harlem inda mutanenmu suka fi yawa nan ne suka fi cika. Ba makarantar addini ba ce, doka bata yarda ba, na faɗi haka ne don akwai wata baiwar Allah da ta ga yara da dogon siket da hijabi ta ɗauka Islamiyya ce. Ƙuri'ar kuma ba caca ba ce, masu nema ne suka fi kujeru yawa shine ake zaɓa da kwamfuta, ana fifita wanda yake da ɗan uwa a ciki da wanda yake zaune a gundumar, abinda ya sa yaronki ya samu kenan.

Yanzu maganar maigidanki. Kar ki raina ta, mutumin nan yana da hujja ko da bai san sunan hujjar ba. Akwai wata cibiya a jami'ar Stanford ana ce mata CREDO, su ne suka fi kowa bin diddigin abin nan. Binciken su na farko a 2009 cata bata ji da daɗi ba sam, a lissafi kashi 17 ne kawai suka fi makarantun gwamnati na kusa da su, kashi 37 sun fi su lalacewa, sauran duk kanwar ja ce. Amma a hankali aka rufe na banza da yawa, na kirkin suka yi rassa, zuwa binciken 2023 sai aka ga yaron cata yana samun kamar ƙarin kwana 16 na karatu da kwana 6 na lissafi a shekara in an gwada shi da takwaransa na makarantar gwamnati. Kwana 6 kam ba wani abin a zo a gani ba ne. Inda abin yake da nauyi shine manyan birane, binciken su na 2015 a kan birane ya nuna ƙarin kamar kwana 40 a lissafi da 28 a karatu, kuma yaran da suka fi amfana su ne baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka na gidajen masu ƙaramin ƙarfi, wato dai irin yaranmu a irin unguwanninmu. Saboda haka in abokansa sun ce sun ga canji a 'ya'yansu ni na yarda ba ƙarya suke ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Shi wancan binciken na 2023 da ya yabi cata, da ya zo kan yara masu buƙata ta musamman, masu IEP irin naki, sai ya nuna a cata sun fi tafiya a hankali fiye da takwarorinsu na makarantar gwamnati. Kinga kenan takarda ɗaya ta ba babansu gaskiya a kan yarinyar ta baki gaskiya a kan yaron. Kuma duk alƙaluman nan matsakaici ne, an haɗa masu kyau da marasa kyau an raba, ke kuma ba matsakaici zaki kai ɗanki ba, wani gini guda ɗaya zaki kai shi mai shugaba ɗaya da malamar aji ɗaya. Kalmar cata ita kaɗai bata nufin komai, a ƙarƙashinta akwai irin su KIPP da suka buɗe a kudancin Bronx tun 1995, da Success Academy da Eva Moskowitz ta fara a Harlem a 2006 waɗanda sakamakon jarabawarsu ke gogayya da na unguwannin masu kuɗi, a ƙarƙashinta kuma akwai ECOT ta jihar Ohio, ta intanet, wadda ta rushe a watan Janairu 2018 ana tsakiyar zango ta bar yara wajen 12,000 suna neman inda zasu sa kai. Suna ɗaya ne fa.

Bari na baki labarin gidana, don ni na ɗanɗana duka biyun. 'Yar farina ta yi cata daga aji 1 har ta gama aji 8 kuma wallahi ban yi nadama ba. Yarinya ce mai son tsari, irin wadda tun da dare take jera takalmi da jaka a bakin ƙofa, a makarantar unguwa takan gama aikinta ta zauna tana zane a bayan littafi malama na can tana fama da masu surutu, da ta koma can sai ta samu inda ake matsa mata kuma ta ji daɗin matsin. Toh sai na ce tunda ya karɓi wannan zai karɓi ƙaninta. Ashe kowa da kiwon da ya karɓe shi. A ajinsu akwai wani allo mai launi, kore da rawaya da ja, kowane yaro da sunansa a jikin ɗan maƙali, in ka juya baya ko ka tashi ba izini ko hannunka bai zauna a kan tebur yadda aka ce ba sai a sauke sunanka ƙasa. Ɗana kafin ƙarfe 10 ya kai ja. Kullum. Ina wajen aiki waya zata shigo, wata rana a ce ya yi magana a layi, wata rana a ce na zo na ɗauke shi, har akwai ranar da muka fita 6:50 na safe cikin sanyin Janairu muka kama bas muka isa a kan lokaci aka tsayar da mu a ƙofa wai safarsa baƙa ce ba shuɗiya ba, na tsaya ina kallon matar nan na rasa ma da wane yare zan amsa mata. Ba wanda ya taɓa ce min cire ɗanki, ko sau ɗaya, amma yaron da yake tashi da waƙa ya koma ciwon ciki duk safiyar Litinin, ya fara cewa shi daƙiƙi ne. Wata 5 muka yi na mayar da shi makarantar unguwa. Ban ce taki haka take ba, akwai cata masu sassauci sosai, kuma da yawa daga masu tsananin ma sun rage yanzu, amma yaron da kika ce baya zama waje ɗaya dole ki san wace iri ce kafin ki sa hannu.

Maganar IEP ɗin nan ki riƙe ta da kyau don ita ce jarin yaronki. Takarda ce da dokar tarayya ta tsaya mata, duk abinda aka rubuta a ciki haƙƙinsa ne, kuma cata bata da ikon ƙin ɗaukarsa saboda ita. Amma a New York ba ita makarantar cata ke da alhakin rubuta IEP ba, kwamitin hukumar ilimi na gunduma ne, CSE, shi ke zama a kai, kuma sau da yawa shi ke turo mai koyar da magana in makarantar bata da nata, a nan ne ake samun jinkiri, Satumba ta wuce Oktoba ta shigo ana ce miki ana nema. Sannan ki buɗe takardar ki duba wane irin aji aka rubuta masa. In ICT ne, wato aji mai malamai biyu da ake haɗa masu IEP da sauran yara, cata da yawa suna da shi. In kuma ƙaramin aji ne irin 12:1:1, yara 12 da malama da mataimakiya, toh ba kowace cata ke da wannan ba, kuma wasu zasu ce miki ai ba komai a canza takardar ya shiga babban aji. Kar ki yarda a canza takarda don ta dace da makaranta. Yaron da yanzu bakinsa ya fara buɗewa a hannun wata malama da ya yarda da ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ba'a samunsa a kasuwa.

Abinda zaki yi a kwanakin nan shine ki kira su gobe da safe ki ce kina son zuwa ki ga aji ana cikin karatu, ba taron da ake yi da yamma a raba takarda mai ƙyalli ba, gani ya kori ji. Ki tafi da kwafin IEP ki nemi mai kula da ɓangaren yara masu buƙata ta musamman ki tambaye ta ɗaya bayan ɗaya, mai koyar da magana ma'aikaciyarku ce ko daga waje take zuwa, sau nawa a sati, a wane sati za'a fara, in ɗan aji 2 ya kasa zama me kuke masa, yara nawa kuka dakatar bara. Ki ce ta turo miki amsar ta imel. In ta yi ta kwana-kwana toh kin samu amsarki. Ki tambayi kuma malamai nawa suka bar aiki bara, don yawancin cata malamansu basa cikin ƙungiyar malamai ta UFT, matasa ne masu ƙwazo amma aikin da yawa awannin da tsawo, suna yawan tafiya, wani yaron sai ya ga malamai biyu ko uku a shekara guda. A ta gwamnati kuma kina iya samun malamar da ta shekara 20 a gini ɗaya, wata alheri ce wata kuma jiran fansho kawai take, ba sai na gaya miki ba.

Ita ma yarinyar akwai tambayarta. Wasu cata suna yi ma sabon yaro gwaji bayan ya ci ƙuri'a su ce sai ya maimaita aji, ki tambaya tun yanzu ko aji 4 ɗin zasu sa ta tabbas. Ki tambayi aikin gida nawa ne a dare, don akwai inda kullum sai uwa ta sa hannu a takardar cewa yaro ya yi karatu, ke kin dawo a gajiye babansu ya fita aiki, ga Islamiyya ranar Asabar da Lahadi, ki lissafa ko zaku iya. Lokacin tashi ma ki duba, ta gwamnati awa 6 da minti 20 ce, cata da yawa suna kaiwa kusan 4 na yamma abinda zai iya yi miki daɗi da aikinki, amma wasu suna da rana ɗaya a sati da ake tashi da tsakar rana, wa zai ɗauko ta ranar? Kuma suna yawan komawa tun cikin Agusta kafin na gwamnati, in kuna da niyyar zuwa gida hutun bazara ku sa wannan a lissafin tikiti.

Sai abinda mutanenmu basa tunawa sai ya zo, Sallah. Tun 2015 lokacin magajin gari Bill de Blasio makarantun gwamnati na birnin New York suke rufewa ranar ƙaramar Sallah da babba in ta faɗo ranar karatu. Cata kowacce da kalandarta, wasu suna bi wasu basa bi, ki karɓi kalandar ki duba da idonki. Haka abinci, a makarantun birni kyauta ne ga kowane yaro tun 2017 kuma akwai waɗanda kicin ɗinsu na halal ne, ki tambaya a duka biyun. Hijabi da yunifom ba matsala ba ce a doka amma ki ji launin da suke so kar ki saya sau biyu.

Kar kuma ki manta ki auna makarantar da kuke ciki da mudu ɗaya. Duka biyun jarabawar jiha ɗaya suke yi daga aji 3 zuwa 8, Turanci da lissafi, maki 1 zuwa 4, kuma sakamakon kowace makaranta yana shafin hukumar ilimi ta jiha kowa na iya gani. Amma in kin ga na cata ya yi sama sosai ki tuna da abu ɗaya, makarantar unguwa dole ta karɓi duk yaron da ya shigo ko a watan Maris ne ko jiya ya sauka daga jirgi baya jin Turanci ko daga gidan marasa matsuguni yake, ita kuwa cata iyayen da suka san da fom suka cika kafin 1 ga Afrilu su ne a ciki, kuma wasu in yaro ya fita a manyan azuzuwa basa cike gurbinsa. Wannan baya nufin basa koyarwa, suna koyarwa, amma tazarar da kike gani a takarda ba duka aikin malamai ba ne. Ki tambayi yawan yara a aji ma, akwai dokar jiha ta 2022 da ta ce makarantun gwamnati na birnin su rage zuwa 20 daga rainon yara har aji 3, da 23 daga aji 4 zuwa 8, ana aiwatarwa a hankali, ita cata dokar bata hau kanta ba, wasu ajinsu ya kusa 30.

Dalilin da ya sa na ce yarinyar ta tafi shi ya tsaya, bayan halinsu da ya bambanta, shine yadda ƙofofin suke. In ta je bata ji daɗi ba makarantar gwamnati dole ta sake karɓarta, ki je Family Welcome Center, ofishin hukumar ilimi mai rajistar yara, a gyara mata, amma in kin ƙi gurbin yanzu ba lallai ki sake samu ba don kujeru suna raguwa a manyan azuzuwa. Shi kuwa yaron muddin yayarsa tana ciki yana da fifikon ɗan uwa a ƙuri'ar baɗi, ki tabbatar da wannan daga bakinsu amma haka tsarin yake. Kinga kin samu shekara guda kina kallon makarantar daga ciki, kina jin abinda yarinyar ke faɗi a kan tabarmar cin abinci, kina ganin yadda suke yi da yaran wasu masu irin lalurarsa, shi kuma yana ƙara shekara da malamarsa. Wahalar ita ce kai yara waje biyu da safe, na sani, na yi shekara 3 ina yi. Ki tambayi ko ɗayansu ya cancanci bas ɗin makaranta, ya danganta da aji da nisa, kuma wani lokacin ana rubuta bas a cikin IEP.

Toh sai babansu. Ƙanwata kar ki je masa da cewa abokanka basu san komai ba, namiji in ya riga ya faɗi magana a majalisa bayan isha'i janyewa tana masa nauyi, kuma ki tuna mutumin da yake kwana a mota yana zaga Manhattan ba don komai yake yi ba sai don yaran nan su wuce inda ya tsaya. Ki same shi bayan ya tashi daga barci ya ci abinci, ki fara da inda kuka haɗu, ki ce Malam na yi tunani maganarka gaskiya ce a kan yarinyar nan mu kai ta, shi kuma ƙaramin ina roƙon alfarma mu je tare mu ji abinda zasu ce a kan takardarsa. Ki ja shi ya je da ƙafarsa ko da barcin awa biyu zai rasa, ya tsaya a bayan ajin 'yan aji 2 na minti 15 ya kalli yadda yaran suke zaune ya hasko ɗansa a cikinsu, ya fi ki yi ta bayani har gobe. Ki kai shi kuma wajen malamar maganar ya ji daga bakinta inda yaron yake a watan Satumba da inda ya kai yanzu. In Turanci zai kawo cikas ku nemi tafinta, hukumar ilimi ta birni tana bayarwa kyauta, Faransanci ma yana cikin yarukan da suke fassara takardu, ki ce a baki IEP ɗin a fassare. Kuma ku yi istihara ku biyun.

Abu ɗaya da gaggawa, kar wa'adin ya wuce kuna cikin shawara don in ya wuce gurbin na wani ne a jerin masu jira. Ki amsa na yarinyar yau don kar gurbin ya kuɓuce, tambayoyin su biyo baya. Na yaron ki kira ki tambaya ko zasu ƙara miki kwana biyu har ku zo ku gani, kuma kar ki je makarantar unguwa ki ce a cire sunansa sai imel ɗin nan ya shigo wayarki kin karanta shi kin fahimta. In ya shigo ki turo min mu duba tare.